Shekarar da Na Raba Gandun Gidanmu

Na san abin da ake faɗa a kaina a garinmu, na kuma san kun ji, ko da yake babu wanda ya taɓa tarar gabana da maganar a cikinku. Ana cewa Lawal ne ya raba gandun gidan Malam Isiyaku tun uwarsu na da rai, ya ɗauki rabonshi na fadama ya ba shanu, ya kuma jawo wa gari asarar noman rani guda. Duk ukun gaskiya ne. Abin da ba a faɗa shi ne yadda aka yi har aka kai can. Yanzu da na aje aiki, idona ya fara rauni, gara in rubuta maku da hannuna, don wata rana za ku je gida ku ga kowane ɗan uwa yana da kadadar albasa a bakin ruwa, ku tambayi ina ta ubanku.

A lokacin ni malamin gona ne, muna zaune a Dutsin-Ma a gidan hayar nan na bayan kasuwa da manyanku suka sani. Sai aka kawo wani shiri na noman rani, aka ɗauko ni daga ofishinmu aka sa ni a ciki. Yadda aka yi mana bayani, wata ƙasa ce ta Turawa da ta daɗe tana ba da taimako ta ga cewa in ta zo da kanta ba ta san kan garuruwanmu ba, sai ta haɗa hannu da wani bankin raya ƙasashe na nahiyarmu. Ita ta zuba kuɗinta a hannun bankin, bankin ya ƙara nashi, gwamnatinmu ta kawo ma'aikata da fili. Su biyun kuma su ke turo mutane lokaci-lokaci su ga abin da aka yi kafin a saki abin da za a ci gaba da shi. Cikin wuraren da aka zaɓa har da rafin garinmu a yankin Rawayau, inda za a yi ƙaramar madatsar ruwa a ja magudana ta bi gefen fadama. Ranar da na ga sunan garinmu a takarda, ban iya cin abincin rana ba don murna. Tun ina yaro nake ganin mazan garin suna watsewa da an gama girbi, wasu Legas, wasu Fatakwal, gari ya koma na tsofaffi da mata har faɗuwar ruwa.

Aikina a shirin shi ne zama da jama'a. A cikin yarjejeniyar da ƙasar nan ta yi da bankin akwai sharaɗin cewa ba za a taɓa ruwa ba sai an zauna da duk mai amfani da shi, ya ji abin da za a yi, ya yarda. Ni zan tara mutane, in rubuta rahoto, in sa hannu. Na kuwa tara su, a ƙofar gidan Maigari, har sau uku. Liman ya zo, masu unguwanni sun zo, mata ma an yi masu nasu zaman a cikin gida. Kowa ya yarda. Nan ne laifina na farko, kuma ina so ku riƙe shi kafin ku ji sauran: ni na rubuta sunayen waɗanda za a kira, kuma ko sau ɗaya ban tuna da mutanen ruga ba. Gidajen Fulani ne da ke bayan dutse, tun zamanin kakanmu suke wurin, Hausa suke yi kamar mu, tare muke sallar Idi, matansu ke kawo nono gidanmu. Amma da aka ce masu amfani da ruwa, manoma kawai na gani a raina.

Wata ranar kasuwar Dutsin-Ma na ratsa ta kara, inda ake cinikin shanu, zan je wurin mai gyaran babur, sai na ji an kira ni. Ardo Buba ne, shugaban rugar, dogon dattijo mai magana a hankali. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi iyali. Har na yi haramar tafiya sai ya riƙe hannun babur ɗin.

"Malam Lawal, na ga masu awo sun kafa turaku a burtali. Na ce bari in tambaye ka, tunda kai ne namu a wurin. Shanu ta ina za su sauka?"

Na ce mashi zan duba. Ban je wurin mai gyara ba, ofis na koma na buɗe taswirar. Burtali shi ne hanyar da aka bar wa shanu tsakanin gonaki, kuma namu shi kaɗai ne ke sauka zuwa rafi daga bayan dutse. Injiniyoyi sun ga fili ne miƙaƙƙe da ba gonar kowa ba, babu rigimar diyya, sai suka shimfiɗa babbar magudanar a kanshi tun daga sama har ƙasa. Ba mugunta suka yi ba, a taswirarsu ba a rubuta komai a wurin ba. Na bi bakin rafin da yatsa ina neman wata mafita. Yamma duwatsu ne, saniya ba ta iya sauka. Kudu gari ne. Wuri ɗaya ya rage mai gangare mai sauƙi, kuma ban buƙaci taswira ta gaya mani ko na wane ne ba. Gefen gabas ne na fadamar gidanmu.

Kashegari Shugaban shirin ya aiko mani da rahoton ƙarshe in sa hannu. Ba zan faɗi sunanshi ba, ya rasu, kuma ba mugun mutum ba ne. Mutum ne da aka ɗora wa kaya, ana bugo mashi waya daga sama safe da yamma. Na ɗauki takardar na shiga ofishinshi na nuna mashi layin da ya ce an zauna da duk masu amfani da ruwan. Na ce ba a zauna da makiyaya ba, kuma aikin zai toshe masu mashaya. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Ya ce baƙin banki da na ƙasar can za su iso nan da mako uku. In suka tarar takarda ba ta cika ba, za a ɗage sakin kuɗin aiki, wataƙila ma a karkatar da shi wata jiha da ta shirya. Ya ce in sa hannu, in an gama gini sai a san yadda za a yi da shanu.

Na ce, "Ranka shi daɗe, in an zuba siminti babu yadda za a yi. Ranar da shanu suka ji ƙishirwa za su bi ta cikin albasa, kuma ni na san waɗanda za su fito da sanduna. 'Yan uwana ne."

Ya ce to in je in yi tunani. Na ce na yi. Na aje mashi takardar a tebur ba hannu. Bayan kwana biyu na ji wani abokin aikinmu ya sa nashi a madadina.

Ranar Juma'a na hau babur na tafi gida wurin Yaya Ɗahiru. Ku da kuka san shi da tsufa ba ku san irin ƙarfinshi ba. Tun da Baba ya rasu shi ya riƙe gandu, shi ya riƙe Inna, shi ya aurar da Goggonku Hajara, kuma da gumin wannan fadamar aka yi mani karatu har na zama abin da na zama. Ba a raba gadon ba, babu ma wanda ya taɓa kawo zancen. Ni ina birni, in an yi girbi a aiko mani da buhunan gero da wake, shi ke nan. A gefen gabas ɗin nan ya dasa mangwaro da hannunshi, ya haƙa rijiya, nan ne inda ƙasar ta fi baƙi da laushi. Bayan an sauko daga masallaci muka zauna a zaure na zana mashi abin a ƙasa da tsinke. Na ce a ba da tsiri ɗaya daga gefen gabas shanu su riƙa bi, sauran fadamar duk za ta sami ruwa, abin da za a samu da rani zai ninka abin da aka rasa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya sa ƙafa ya shafe zanen.

"Gwamnati ta toshe hanya, sai gidan Malam Isiyaku ne zai biya? Duk garin nan babu mai gona sai mu? Kai ka je ka ci albashinka, Lawal. Ƙasar da ba ka taɓa kwana kana ban ruwa a cikinta ba tana da sauƙin kyauta."

Abin da ya faɗa akwai gaskiya a ciki. Na shiga wurin Inna. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa, kuma ta ji komai, don zauren ba nisa. Ba ta ce ga mai gaskiya ba. Ta ce ta san mutanen ruga tun tana amarya, ba ta so a wulaƙanta su, amma ita abu ɗaya take roƙo, kada mu sa ta ga an ja igiyar rabo a gonar mijinta tana raye. In ta mutu mu yi yadda muka ga dama. Na ce mata to. Wannan "to" ɗin ita ce ta fi komai yi mani nauyi har yau.

Da na dawo Dutsin-Ma na gaya wa mahaifiyarku komai. Rabi ba ta da yawan magana a kan aikina, amma ranar ta aje tsintsiya ta zauna. Ta ce ta san ni, in na yi shiru aka zuba simintin nan ba zan ƙara cin tuwo da daɗi ba, kuma ita ce za ta zauna da ni a haka. In kuma na yi magana, ita ce za ta shiga gidan biki a garinmu mata su yi tsit. Ta ce kowanne na zaɓa za ta ɗauka, abin da ba za ta ɗauka ba shi ne ta ji labari a bakin wasu. Na yi mata alkawari. Sannan na aika wa Ardo Buba da ranar da baƙi za su zo da wurin da za a tsaya. Ban ce mashi ya zo ba, ban kuma ce kada ya zo ba.

Baƙin suka iso da hantsi cikin motoci huɗu. Mai jagorantar su wata mace ce daga bankin, baƙa kamar mu, 'yar wata ƙasa ta masu Faransanci, amma tana jin Turanci. Tare da ita akwai wani Bature daga ƙasar da ta ba da taimakon, rana ta mayar da shi ja, ba ya cewa komai sai rubutu. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyar bakin rafi, gari ya cika. Da yake ni ɗan gari ne, ni aka sa tafinta. Shugaba ya yi jawabi, Maigari ya yi godiya, ina juyawa. Komai na tafiya daidai har matar ta tashi ta ce tana so ta taka inda magudanar za ta bi. Muka bi ta. Ba ta yi nisa ba ta tsaya tana kallon ƙasa, ga sawun kofato ko'ina, ga kashin shanu ɗanye. Ta tambaya dabbobin da ke bin nan ina za su sha ruwa in an gama aiki. Na juya tambayar da Hausa. Maigari ya ce ai wannan ba matsala ba ce, za a san yadda za a yi. Na juya mata. Sai aka ji murya daga bayan taro. Ardo ne, yana dogare da sandarshi.

"A gaya wa baƙuwa ba mu ƙi ruwan ba, mu ma muna so. Amma ba wanda ya tambaye mu. Wannan hanyar ita kaɗai muke da ita. In an rufe ta, ko mu tashi, ko mu bi ta gonar mutane."

Matar ta juyo tana jirana. Ita ba ta jin Hausa, Ardo ba ya jin Turanci, kuma a duk taron waɗanda ke jin biyun ba su wuce mu 'yan ofis ba. Shugaba yana kallona. Na hango Yaya Ɗahiru a jikin tsamiya shi ma yana kallona. Da na ce dattijon yana maraba da aikin ne yana roƙon a tuna da dabbobi, da an wuce wurin, kuma ba ƙarya zalla na yi ba. Na ji maganar ta zo har bakina. Amma na juya mata abin da ya faɗa kalma bayan kalma, ban rage ba, ban ƙara ba. Baturen ya daina rubutu ya ɗago kai. Matar ta buɗe jakarta ta ciro rahoton, ta karanta layin nan a fili, ta tambaya wa ke da alhakin zama da jama'a. Na ce ni ne, kuma ni na manta da su, shi ya sa babu hannuna a takardar. Ta tambaya ko akwai wata hanya da shanu za su bi.

Nan ne laifina na biyu. Da na ce akwai amma sai an yi shawara, da na tsaya a inda ya kamata. Sai dai na ga fuskar Shugaba, na ga aikin yana shirin kuɓuce wa garinmu gaba ɗaya saboda bakina. Na nuna gabas na ce akwai, filin na gidanmu ne, kuma za a bayar. Na faɗa da Turanci, sannan na maimaita da Hausa don kada a ce na yi a ɓoye. Kafin in rufe baki Yaya ya saɓa babbar rigarshi ya bar wurin.

Ba a ɗauke aikin ba, amma an dakatar da shi. Baƙin suka ce sai an sake taswira, an yi sabon zama har da makiyaya, an kawo takardar da ke nuna filin sabon burtali ya fita daga hannun masu shi da yardarsu. Ita wannan takardar ce ta kai ni inda ban so ba. Na koma wurin Yaya sau biyu, ya ƙi fitowa. Na tura Liman, ya ce mashi filin gandu ne, kuma shi bai bayar ba. Hanya ɗaya ta rage, in nemi a raba gado, in karɓi gefen gabas a matsayin rabona, in ba da abin da yake nawa. Kafin in je wurin kowa na gaya wa Rabi kamar yadda na alkawarta. Sannan na je na durƙusa gaban Inna na ce mata zan saɓa abin da na ce. Ta ce in tashi, ƙasa da sanyi. Ba ta yi mani baki ba, ba ta kuma sa mani albarka a kan abin ba, har ta koma ga Allah bayan shekara biyu.

Ranar rabo Liman ya zo da Maigari da dattawa biyu da igiyar awo. Aka fitar wa Inna nata, aka fitar wa Hajara nata, ya rage ni da Yaya. Na ce ina roƙon gefen gabas. Kowa ya san nan ne mangwaronshi da rijiyarshi suke, kuma da ya ƙi, dattawan za su goya mashi baya. Ya tsaya yana kallon itatuwan, sannan ya ce a ba ni. Ya ce tunda na iya tsayawa gaban baƙi na yi kyauta da gonar ubanmu, ba ya so ya zama shi ne zai mayar da ɗan Malam Isiyaku maƙaryaci a idon duniya. Daga wannan bai ƙara yi mani magana ba, sai sallama in mun haɗu a jana'iza. Burtalin da masu awo suka fitar ya cinye rabona na fadama kusan duka. Abin da ya saura bai kai a kafa kadada biyu ba, na bar wa Hajara.

Sake taswira da kai takardu da dawo da su ya ci rani guda cur. Mutanen da suka riga suka sayi irin albasa da tumatir suka zauna da shi. Samarin da suka fasa tafiya ci-rani don suna jiran ruwa suka tashi a makare, cikinsu har da Nura, babban ɗan Yaya, wanda ya tafi Legas ya kama acaɓa, ya yi aure can, bai ƙara dawowa da zama ba. Yaya ya ɗora wannan a kaina, ban kuma ce bai da hujja ba. A ofis ba a kore ni ba. An dai cire ni daga shirin aka tura ni Karofi in kula da siton taki, na yi shekara huɗu ina zuwa ina dawowa a babur, waɗanda na koya wa aiki suka wuce ni. Mahaifiyarku ta shiga gidajen biki an yi tsit kamar yadda ta faɗa, ba ta fasa zuwa ko ɗaya ba. Akwai kuma zancen da ya yaɗu cewa Fulani sun ba ni shanu. Ga gaskiyarshi: Ardo ya aiko da rago ɗaya da ƙwaryar man shanu. Na mayar da ragon a ranar. Man kuwa kafin in dawo Rabi ta riga ta zuba a miya, ta ce ita ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce.

A rani na biyu aka gama madatsar. Aka kafa turakun siminti a gefe biyu na sabon burtalin, aka gina mashaya a ƙasa da inda magudana ta fara. Ba a gayyace ni buɗewa ba, a bakin direban ofis na ji yadda aka yi. Ba zan ce maku burtalin nan ya hana garinmu ganin fitina ba. Kun san abin da ya faru a dazukanmu daga baya, ya fi ƙarfin hanyar shanu ɗaya, kuma wasu daga mutanen rugar ma sun tashi. Abin da zan iya cewa kawai shi ne, a bakin wannan ruwan ba a taɓa ɗaga wa wani sanda a kan mashaya ba. Fadamar Yaya kuma ta yi albarka, da albasarta ya sauke farali.

Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka. Sai ciwon ƙafa ya kama shi, aka ce sai ya riƙa zuwa asibiti a Dutsin-Ma ana wanke mashi kullum. Hanyar garinmu da damina ba ta biyuwa kowace rana, kuma ba shi da kowa a nan sai ni. Rabi ce ta hau mota ta je ta ɗauko shi, ban san abin da ta ce mashi ba. Muka ba shi ɗakin zaure. Ni ke kai shi a babur da safe in dawo da shi, yana riƙe da kafaɗata, ba mai cewa uffan. Mako uku muna haka. Wata rana bayan la'asar ina zuba mashi ruwan alwala, sai ya ce in zauna. Ya tambaye ni ko da za a mayar da ni gindin tsamiyar nan zan sake yin abin da na yi. Na ce zan sake juya maganar Ardo yadda ya faɗe ta. Amma ba zan ba da gona ba sai na zo na durƙusa gabanshi tukuna, ko sau goma ne. Ya ce da na zo sau goma ma ba zai bayar ba. Na ce na sani. Ya yi 'yar dariya, ita ce ta farko da na ji daga bakinshi tun kafin rabon gado.

"Har yanzu ban ce ka yi daidai ba, Lawal. Kada ka je kana gaya wa 'ya'yanka na ce ka yi daidai. Na yafe maka ne don kai ƙanena ne."

Na ce na karɓa a haka. Ya miƙo hannu na ci gaba da zuba mashi ruwa.

Ya koma gida da ƙafarshi, ya ƙara shekara uku a duniya, kuma duk girbi sai ya aiko mana da buhun albasa ba tare da saƙo ba. Na rubuta maganarshi yadda ya faɗe ta don ya hana ni in gyara ta. Ku ma kada ku gyara. In kun je gida, ku fara sauka a gidanshi ku gaida iyalinshi kafin ku je ko'ina. In wani ya ce maku ubanku ya raba gandu, ku ce haka ne. In kuma wata rana aka zo maku da shawarar ku nemi filin nan a dawo maku da shi tunda shanu sun ragu, ku ce na bayar, kuma ban bar wa kowa ikon karɓowa ba.